An Ɗage Zama

Ranar da na ajiye biro a Kongo
yatsana na tsakiya ya yi kanta,
idanuna sun faɗa kamar rijiyar rani.
Ban tsaya musun amsa a ƙofar zaure ba.
Tanimu na ta rantsuwa tambaya ta uku tarko ce,
na ce masa ta kama wanda ta kama,
na tari keke sai Ƙofar Gayan.

Goggo Lantana ta dube ni sama da ƙasa:
"Wannan karatu ne ko jinya?
Dubi wuya kamar mariƙin lema."
Ta turo mini tuwon dawa da busasshiyar kuɓewa.
Ban kai loma ta biyar ba
barci ya yanke mini hukunci,
babu ɗaukaka ƙara.

Kwana biyu ina biyan bashi.
Duk daren da na ranta tun watan jiya
ya zo da shaidunsa
ya karɓi abinsa har da gyara.
Sai in farka firgigit cikin sanyin asuba
ina laluben sashe na nawa, ƙaramin sashe na nawa,
ina raba gadon mamacin da bai taɓa rayuwa ba,
wa ke da sudusi, wa aka shamakance,
sai zakaran Malam Jatau ya yi cara,
in tuna yau ba mai cewa saura minti goma.
In ja bargo.

Rana ta uku na wanke farar riga da baƙin wando,
kayan da suka mai da mu hankaki,
na ninke, na danne a ƙasan akwati.
Na zura tsohuwar shuɗiyata
wadda ta koɗe a kafaɗa.

Waya sai kuka take:
an ce malamin dokar filaye ya fara duba takardu,
an ce rabin aji sun zube.
"An ce" ba shaida ba ce,
wannan kam na karanta.
Na kashe ta, na tura ƙarƙashin buhun gero.

Da hantsi sai ga Uwale tana jan akuyar Barau,
ta cinye mata zogale har kututture.
"Ina lauyan gidan nan? Ya fito!"
Na gyara murya, na soma:
ƙetare iyaka, ɓarna, diyya,
mai da'awa shi ke kawo hujja...
Goggo ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba.
"Barau, je ka gyara mata danga.
Uwale, kashin akuyar naki ne har damina,
ki zuba, zogale zai tofo."
Aka watse ana dariya.
Shekara uku ina haddar turancin matattu,
ga shari'a ta ƙare
tun ruwan wake bai tafasa ba.

Da la'asar na bi ƙanena Cindo fadamar Galma.
Na tuɓe takalmi,
laka ta kutsa tsakanin yatsuna, sanyi har ƙwaƙwalwa.
Ya buɗe wa tumatir ruwa,
ruwan ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya
ba wanda ya ce ya kawo dalili.
Muka sha rake, muka tara ɓawo tsibi guda.
Ni da aka koya wa magana,
har magariba ban ce uffan ba.

Dare ya yi, an hura wuta a tsakar gida,
dankali na gasuwa cikin toka.
Na murza yatsana,
kantar ta soma laushi.
Ban san abin da na ci ba, ban san abin da ya ci ni ba.
Janairu na nan tafe da nasa sammacin.

Littattafan suna kan taga inda na jibge su.
Kyanwa ta zaɓi mafi kauri
ta yi matashi da shi.
Na ɗaga hannu zan kore ta, na fasa.
A gidan nan ita ta fara cin moriyar doka.