Ƙasar Ganuwa

Nafi'u ya aiko da murya daga Sikotlan.
Na saurara a bakin kududdufi, hannuna duk laka,
waya a jingine da buhun ƙaiƙayi.
Ya ce, "Baba, mutanen nan ba sa mantuwa.
Direban motar da nake shiga makaranta
ya san shekarar da aka haɗe su da Ingila,
shekara ɗari uku da 'yan kai,
yana faɗa kamar jiya aka yi, bayan la'asar."

Ya ce akwai wani dutse.
Ba zinariya ba, ba lu'ulu'u ba,
dutse dai, ɗan'uwan na niƙa,
a kansa ake naɗa sarakunansu.
Aka ɗauke aka kai kudu,
suka shekara ɗari bakwai suna cigiya
har aka dawo da shi.
Na ce, ɗari bakwai?
Ni da aka ari gatarina bara
har na manta wa na bai wa!

Sun jefa ƙuri'a, in ji shi: a raba gari ko a zauna.
Masu a zauna suka rinjaya.
Amma garwashin ƙirya ne a ƙarƙashin toka,
ka tona da asuba, ka sha shayi.

Sai na dubi abin da nake haƙa.
Ganuwar garinmu ce, nan gabas da Ɓaɓura,
ragowar da ruwan sama ya yi wa afuwa.
Ƙasarta ta fi kowacce danƙo,
shi ya sa tubalina ba ya kwantai.
Da ita aka gina shagon cajin waya,
da ita aka ɗaga katangar gidan kansila.
Hannun wa ya fara kwaɓa ta?
Tsoron wa ya sa aka tara ta?
Gwaggo Tabawa ce ta sani,
ta san ƙofofi biyar da sunansu,
ta san rijiyar da aka ɓoye iri shekarar hari.
Mun binne ta daminar bara, ana sauri kar hadari ya sauko.
Ba wanda ya zo da biro.

Abu ɗaya ya maƙale mini daga hirarta.
Baturen da ya zo ƙirga kawuna don haraji,
wanda suka sa wa Jan Gemu,
in an ce masa ɗan Ingila sai ya murtuke,
ya ce shi daga can arewa yake, ƙasar duwatsu.
Amma littafin da ya buɗe na Ingila ne,
kuɗin da ya karɓa kuma namu.

Na danna waya da bayan yatsa:
"Nafi'u, tambayar mini direban nan,
ko wannan ma yana cikin abin da ya haddace?
Ko kuwa tarihi rariya ce,
a tace zafin da aka sha,
a zubar da wanda aka shayar?"

Kwana biyu shiru.
Ran na uku ya ce, "Na tambaye shi.
Ya wuce tasha ɗaya bai tsaya ba.
Da zan sauka ya ce, ina sunan garin naku?
Na rubuta masa a bayan tikiti."

Yau na bar gaba huɗu na ganuwa ban taɓa ba.
Mai gini ya turo yaro, na ce ƙasa ta ƙare.
Jikata Hurera ta kawo mini kunu,
na zaunar da ita a inuwar ragowar,
na ce maimaita:
Ƙofar Marina.
Ƙofar Tsamiya.
Ƙofar Ruwa.
Ta ce, "Sauran biyun fa?"
Na kurɓi kunu,
na sake kurɓa.