Da Bakinsa

Shekara ashirin da shida ni ce harshen Tanimu.
In likita ya yi tambaya, ni ke amsawa.
In mai shayi ya ce da madara ko babu, ni ke amsawa.
Har na manta ƙanena na da murya a maƙogwaronsa.

Bara waccan ƙungiya ta kawo masa keken ɗinki,
bara ta sake kawo wani,
shi kuwa ko allura ya gani sai ya laɓe bayan randa.
Ga su can a zaure, kaji na kwana a kansu.
A takarda dai an taimaki Tanimu,
an ɗauki hoto, an danna hatimi kan sunansa.

Da iyayen unguwar Yelwa suka ɗora mini shugabanci,
na kwana ina jera magana kamar mai jeren kwano.
Da safe sai ofis, a tsakiyar Garwa,
fanka ɗaya tana juyi da ƙyar,
mu goma sha huɗu a benci, kowa da nasa a gefensa.

Na ce, ba a yi wa mutum aski ba ya nan.
Kuɗin da kuke kashewa don su, ku sa a hannunsu,
kowa ya faɗi abin da yake so, ya nuna mai taya shi.
Mai tabarau ya ce, Barmani, in ya ɓarnatar fa?
Na ce, keke biyu sefa jaka nawa?
Wanda ya saya, wa ya nemi lissafinsa?

Aka yi dariya, kaina ya kumbura.
Mai tabarau ya juya: to Tanimu, me kake so?
Na buɗe baki na ce, ai shi abin da yake so...
Sai na ji tafi mai ɗumi a kan gwiwata,
ya danne ta, kamar mai rufe tukunya da murfi.
Ko kallona bai yi ba, yana duban gabansa.

Shiru.
Fanka ta zaga sau nawa, ban ƙirga ba.
Wata uwa ta yi tari. Na ciji leɓe har na ji gishiri.
Kalmar ta taho a hankali, kamar jirgin kwale-kwale
yana hawan Binuwai da rani.
Tat-ta-ba-ru, in ji shi.
Ya haɗiye yawu, ya share gumin goshinsa.

Wa zai taya ka riƙon kuɗi? Na gyara zama.
Ya ce, Hamajoda.
Hamajoda mai faci na bakin gada!
Ni da na goye shi, na yi jinyar farfaɗiyarsa,
ban shiga zaɓinsa ba.
Na sunkuyar da kai, na tura masa tawada,
ya dangwala babban yatsansa.

Takwas ya sayo ranar Lahadi a kasuwar Fitowa.
Muzuru ya ci uku.
Biyu suka koma gidan wanda ya sayar.
Ya yi kuka har la'asar, ya ƙi tuwo,
na zo da lallashi, Hamajoda ya ce, bar shi, Yaya,
yau ne ya fara yin asarar da take ta kansa.

Yanzu sun kai sha tara, ko ashirin, shi ya sani.
Ya sayar da biyu, ya sayo mini sabulu mai ƙamshi,
bai tambaye ni irin wanda nake so ba,
na karɓa, na gane.
Littafin kuɗi na wurin mai faci,
makullin akurki na rataye a wuyansa.

Jiya na je wani gida a Kolere,
uba ya shimfiɗa tabarma, ya fara: yaron nan abin da yake buƙata...
Na ce, Malam, a gafarce ni, ina yaron?
Ya ce yana ɗaki, ai ba ya magana sosai.
Na cire takalmi, na ce ba na sauri,
a kira shi, na zo ji ne daga bakinsa.