Zabuwa a Suwame

Da hantsi Mumuni ya shigo da ita,
baƙar a-kori-kurar maigidansa.
Ya kashe inji, bai sauko ba
sai da na buga masa ƙofa.

"Baba Isaka, duba."
Na duba.
Daga goshinta har ƙofar direba
fararen ɗigo, ƙanana kamar gero.
An mai da motar Alhaji zabuwa.

Wai jiya ya aje ta a Asawasi
jikin shagon Kwabina mai walda,
yana fesa wa ƙyauren ƙarfe fenti,
iskar la'asar ta ɗebi rabonta
ta yi sadaka da shi ga na kusa.
Alhaji Gariba yana Boku sayen albasa.
Jibi zai dawo.

Yaron ya zaro reza. Na ce mai da ita.
Ya ce, to tina fa?
Na ce tina ba ta san ɗan gida da baƙo ba,
ta ci farin, ta ci baƙin,
ta bar ka riƙe da tsumma.

Muka tura ta ƙarƙashin mangwaro,
don baƙar mota a rana kasko ce.
Wanki biyu.
Na sa hannu a leda na shafa,
abin da ido ya tsallake yatsa ya ƙirga:
kaushi, kamar harshen kyanwa.

Sai yumɓun da nake ɓoyo a gwangwanin madara,
sidi tamanin na ba da a Adum.
Na murza shi har ya ɗauki ɗumin tafina.
Ruwan sabulu, a ja, a komo,
ba dannawa, ba gaggawa,
faɗin tafi ɗaya, sannan na gaba.
Yumɓu ya yi ta ƙorafi, ya yi ta ƙorafi,
can sai ya yi shiru ya sulale.
Shekara talatin, shirun nan nake saurara.
A ninke, a binne dattin ciki.
In ya faɗi ƙasa ya mutu:
ƙwayar yashi ɗaya
sai ta rubuta sunanka a kan bonet.

Bayan azahar Kwabina ya iso
da dokunu, da soyayyen kifi,
da ban-haƙuri mai tsawo da Tonanci.
Mumuni ya ba shi ƙeya.
Ni na ba shi tsumma.
Na ce baki ya yi nasa, saura hannu.

Farin ya tafi, amma baƙin ya dushe
kamar gindin tukunya.
Na ɗora wa soson inji man goge,
ɗigo uku, kowanne ƙwayar gyaɗa.
Rabin ƙofa muka ci wuta ta ɗauke.
Suwame duka ta yi tsaki lokaci guda,
guduma kaɗai ta ci gaba da magana.

To, da hannu.
Ni a goshi, Kwabina a fiffike,
Mumuni a ƙofar da yake buɗewa kullum.
Kafaɗa ta yi tsami, dokunu ya huce.
Ban san sa'ad da suka fara raba tsumma ɗaya ba.

Kaki na ƙarshe ya bushe, muka share.
Sai mangwaron ya sauko cikin ƙarfe
ganye-ganye, har da tsuntsun da ke kai,
ga wayar wuta, ga jan girgijen magariba,
ga mutum uku, gumi ya wanke su,
ɗaya da furfurar da bai san ta kai haka ba.

Ƙarƙashin mariƙin ƙofa
ɗigo ɗaya ya tsira.
Na kai hannu, Mumuni ya riƙe ni.
"Bar shi, Baba. Ai zan faɗa wa Alhaji.
In babu wannan, cewa zai yi ƙarya nake."