Ƙidayar Wayoyi a Tantin Yanjmaa

Wata budurwa ta zo kan babur daga Tsetserleg,
jakarta cike da takardun hukuma,
wai ana ƙirga wayoyin Mongoliya,
tanti tanti, kwari kwari,
a san wa ya shiga zamani, wa aka bari a baya.

Yanjmaa ba ta tanka ba tukuna.
Sai da baƙuwa ta sha shayi mai madara da gishiri,
yatsunta suka saki sanyin hanya.

"Mutum nawa a gidan?"
Biyu. Ni da jikana Sodnom, ga shi can bayan awaki.
"Waya nawa?"
Uku.
Biro ya tsaya cak, bai taɓa takarda ba.

Ta fari ta Sodnom ce, in ji tsohuwa,
faffaɗa, fuskarta a tsage
tun ranar da ɗan dukushi ya yar da shi.
A ciki yake ganin kuɗin gashin akuya a Ulanbata
kafin ɗan kasuwa ya iso da motarsa da zaƙin bakinsa.
A ciki ake ce masa ƙanƙara na tafe jibi, a kore dabbobi gindin dutse.
A ciki kuma akwai wata da ban san iyayenta ba,
mai sa shi murmushi cikin bargo da tsakar dare.

Ta biyu tawa ce.
A nan kwari bebiya ce, ba ta ji, ba ta faɗa.
Sai na hau wancan tudu
mai tulin duwatsu da shuɗin ƙyalle.
Da can roƙon ruwa ke kai mu,
yau neman sabis, da gwiwa mai ciwo.
'Yata na Koriya, tana wanke kwanukan mutane.
Ran Lahadi nakan ga rabin fuskarta,
sai hoton ya daskare, bakinta a buɗe,
in tsaya ina jiran sauran maganar, iska na yankan kunne.
Shi Sodnom in ƙiwa ta kama shi,
rubuta saƙo yake, ya cilla wayar sama, ya cafe,
wai a can ta gamu da abin da take nema.

Rasuwar mahaifiyata kwana tara ta yi bisa doki
kafin ta same ni ina tatsar saniya.
Yanzu gawa ba ta huce ba, an ji a ƙetaren teku.
Ban san wanne ya fi sauƙi ba.

"Ta ukun fa?"

Tana kan akwati, gefen hoto da fitilar man shanu.
Ta Gombojav ce. Damina huɗu ke nan.
Lambarsa kamfani ya sayar wa wani.
Na taɓa kira, sau ɗaya,
wani yaro ya ɗauka cikin hayaniyar motoci,
ya ce wa ke magana, na kashe.
Amma kullum rana ta faɗo kan faifan sola
ita nake fara jonawa, kafin tawa.
Akwai muryarsa ciki, daƙiƙa goma sha ɗaya,
bai ma san ya danna ba.
Ba wani abin kirki ya faɗa ba,
wata tunkiya yake zagi, yana tari.

Budurwar ta duba takardarta.
Gurbi biyu ne kawai: mai aiki, marar aiki.

Yanjmaa ta danna.
Iska ta fara fitowa, sai tarin, sai zagin.
A waje tsohon kare ya miƙe daga kwance,
ya zo bakin ƙofa, kunnuwa a tsaye,
yana kaɗa wutsiya, yana leƙen bayan kowa.

Budurwar ta sa alama a gurbin farko.
Ta shanye shayin da ya huce,
ta tambayi hanyar kwari na gaba.