Tafinta

Kaset uku muka tarar a ƙasan adakar Baba,
naɗe cikin tsohon ɗankwali.
Ɗaya an rubuta masa da jan biro:
"Sunan Mutaru, Aboabo."
Ni ne Mutarun. Ga furfura har ta fara yi min sallama.

Bidiyon bai mutu ba,
tari kawai yake yi kafin ya haɗiye kaset.
Wutsiyarsa uku:
rawaya mai dakon fuska,
fara da ja masu dakon murya.
Talabijin ɗin da Ramlatu ta aiko daga Takoradi kuwa
siriri ne kamar allon karatu.
Na shafa bayansa kaf,
ban sami ramin ko ɗaya ba,
sai 'yar tsaga kamar bakin asusu.

Na hau turoturo zuwa Adum.
Yaron shagon farko bai ɗago daga wayarsa ba,
ya miƙo farin abu kamar kwalin ashana.
Sidi sittin. Na yi murna,
na manta araha ba ta ado.
A gida na jona, na cire, na hura, na sake jonawa.
Shuɗi kawai, kamar an zuba bula a ruwan wanki.
Gwaggo Zaliha ta gyara tabarau:
"To, ina yayan nawa?"

Washegari na faɗa hannun Kwaku Agyei,
mai gyara a lungun bayan layin dogo,
gemunsa na warin dalma.
Ya juya abin a tafinsa, ya yi dariya har da ƙwarewa,
ya ce da Hausarsa ta Zango:
"Wannan, daga sabo yake kai wa tsoho saƙo.
Kai kuma tsoho kake so ya gaida sabo.
Duba inda aka ce shiga, duba inda aka ce fita.
Kogi ne, ba ya komawa."
Ya zaro wani, baƙi, mai ɗan nauyi.
"Shi wannan sai ka ba shi tasa wutar,
tafinta ba ya aiki da yunwa.
Kuma rabu da manyan lambobin jikin kwali.
Abin da kaset bai gani ba,
babu akwatin da zai haifo maka."
Sai da ya gwada a gabana na ƙirga kuɗi.

Tafinta.
Kalmar ta biyo ni cikin mota.
Shekara talatin Baba na tsaye a kasuwar goro
tsakanin mai huhu da mai jakar kuɗi,
yana karɓa da Tuwi, yana miƙawa da Hausa,
ya karɓa da Hausa, ya mayar da Tuwi,
bai taɓa ƙara ƙwaya ba, bai rage ba.

Bayan isha'i muka zauna.
Da fari yayyafi, sai layuka masu rawa,
sai ga rago ɗaure a gindin mangwaron da aka sare,
sai ga shi.
Amma allon ya ja shi hagu da dama,
mutumin da iska ke wasa da rigarsa
ya zama ƙato, kumatu kamar attajiri.
Gwaggo ta tafa hannu:
"Wa yake ciyar da shi haka a can?"
Na lalubi madanni, na matse hoton,
duhu ya tsaya gefe da gefe kamar ƙyaure biyu,
Baba ya koma ramammensa,
hula a karkace, jan goro a haƙori.

Ya karɓi jariri, ya sunkuya kunnensa.
Abin da ya raɗa min, ja da fara ba su kawo ba,
hayaniyar mata ta cinye.
Na matsa har numfashina ya taɓa gilashi.

Kaset ya ƙare yana tsaka da dariya.
Ba wanda ya tashi.
Ɗan akwatin ya yi ɗumi a ƙasa, idonsa ja.
Gwaggo ta share hanci da bakin mayafi:
"Mayar da shi baya, Mutaru.
Ban gama kallon hannunsa ba."