Rawar Tsaye

Ran Laraba, hantsi ya dubi ludayi,
Malam Yero ya shigo garejina a Muciya
da tsohuwar Fijo ruwan ƙasa,
tana kakkarwa kamar mai masassara,
madubin gefe yana kaɗa kai,
makullan gida suna kacau-kacau a wuyan sitiyari.

Ya ce, "Sallau, a guje ba ta da laifi,
Kwangila zuwa Samaru ko tari ba ta yi.
Amma in na tsaya a cunkoson PZ
sai ta hau rawa, ta ja numfashi, ta mace,
'yan acaɓa suna yi mini ruwan oda.
Wani a Tudun Wada ya ce sai an sauke inji.
Da ya faɗi kuɗin, na ce sai fansho ya zo."

Ban taɓa sifana ba tukuna.
Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya kan ce
kunne ne babban kayan aiki,
hannu ƙanensa ne.
Na ɗaga bonet, na duƙa, na kasa kunne.
Silo ya hau, ya sauka, ya hau,
kamar mai tilawa da aya ta ɓace masa
yana komawa baya yana lalube.

Lurwanu, miƙo sifanar filogi.
Na farko fes. Na biyu fes.
Na uku ya yi baƙi, na kankare, na hure, na mayar.
Na huɗu ba shi da abin faɗa.
Na zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya,
ta ƙarshe ta fizge ni har gwiwar hannu.
Wuta dai akwai ta, jikina shaida ne,
Lurwanu ma ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Muka kwance kafireto,
muka wanke da fetur a tsohon kwanon sha,
na busa ƙofofinta da bakina,
ɗacin ya bi ni har la'asar.
Muka ɗaura. Muka tayar.
Rawa tana nan daram.
Malam Yero ya zauna a kan taya,
ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Sai aka ɗauke wuta.
Mai walda ya ajiye ƙarfe,
injin markaɗe ya haɗiye kukansa.
A wannan shirun na ji ta,
wata 'yar ƙara siririya
kamar yaro yana zuƙar koko mai zafi.
Na bi ta da yatsa can ƙasa inda ido ba ya kai:
ɗan tiyo ne, bai fi tsawon ɗanyatsa ba,
zafi ya gasa shi, ya tsage ta ciki.
Na toshe. Inji ya nutsu, makullai suka yi tsit.
Na ɗaga, rawa ta dawo.
Sau uku na yi, don daɗi kawai.

Iska ce ba gayyata take shiga,
tana sirka mai kamar ruwa a nono.
A guje ba a ganewa,
tsayuwa ke tona asiri.

Lurwanu ya sayo sabo da canjin aljihuna.
Na murɗa silo da sukundireba,
kwata, sai rabin kwata.
Na ɗora kofin shayi a kan bonet,
ko ɗigo bai zuba ba.

Malam Yero ya daɗe yana kallon kofin.
"Shekara talatin da biyar ina Reluwe,
ko ciwon kai ban sani ba.
Tun da aka ce in zauna gida..."
Ya miƙo kuɗi, suna rawa a yatsunsa.
"Ni kuma ta ina nake shan iska, Sallau?"

Muka yi dariya.
Ba ni da sifanar wannan.
Na ce ya dawo Asabar in duba birki.

Birkin lafiyarsa ƙalau.
Na dai sa Lurwanu ya gyara ƙafar benci,
ya ƙaro kofi ɗaya.