Mai Ƙirga Hannu

Aikina a jirgin nan ƙirge ne.
Agogo a wuya, allo a cinya, fensir ɗaure da zare.
Mun bar Donaghadee duhu bai gama kwashe kayansa ba,
masu ninƙaya biyar, da ni, da Fergal matuƙi mai tari.
Scotland na can gaba, shuɗi-shuɗi,
kamar maganar da aka ji cikin barci.

Sa'a guda ga kowa, haka doka ta ce.
Wanda ke ruwa ba ya taɓa jirgi.
Babu rigar roba, sai kamfai da hula da tabarau.
Ma'auni ya nuna goma sha biyu.
A kan allo lamba ce kawai,
sai ka shiga ka san tana da haƙora.

Zagayen farko an sha dariya.
Na biyu, baki ya fara mutuwa.
A na uku Cathal, ƙanena, ya yaye bargo
alhali jikinsa bai gama biyan bashin ɗazu ba.
Ya ƙyafta mini ido, ya faɗa.

Sittin da huɗu a minti. Na rubuta.
Sittin da biyu.
Igiyar ruwa ta mare shi, ya rama.
Hamsin da takwas,
ƙafafunsa sun soma nitsewa kamar an ɗaura musu dutse.
Hamsin da ɗaya,
yatsun da ya kamata su haɗu su zama cokali
sun buɗe, kowa ya kama gabansa.

Na leƙa, na daka masa kira:
Cathal, yaya sunan karen Mama?
Ya ɗago, leɓe ya yi toka-toka,
ya yi mini murmushin wanda ya ga baƙuwa.
Ya ce, da harshe mai nauyi,
ruwan ai ya yi ɗumi, Sorcha, ki shigo.

Nan cikina ya ɗuri ruwa.
Sanyi ba ya sallama.
Yatsa yake fara ara, sai harshe,
sai ya zauna a kan hankali ya miƙe ƙafa,
ya ce da kai lafiyarka lau.
Mai rawar ɗari da sauransa.
Wanda ya daina, shi nake tsoro.

Saura minti goma sha uku.
Eimear na tsaye a bakin tsani, tabarau a ido,
doka ta hana ta shiga kafin lokaci.
Shekara biyu muna tara kuɗin jirgin nan.
Ga fitilar Portpatrick har ana gani.
Ba wanda ya ce uffan.
Duk ido ya dawo kan allona.

Na ce, a fito da shi.

Mutum uku suka ɗago shi, sulɓi kamar kifi,
yana zagina da kalmomin da ba su da ƙashi.
Fergal ya ce kada a murza masa jiki,
kada a tsayar da shi, a kwantar.
Fita ruwa ba fita haɗari ba ne,
jinin da ya sandare a gaɓoɓi
yanzu zai kama hanyar zuciya.
Muka goge shi a hankali, hular ulu, bargo kan bargo,
Eimear ta shiga ta rungume shi ta baya.

Minti ashirin ina ƙirga numfashi maimakon hannu.
Sai haƙora suka fara kaɗawa,
jiki ya ɗauki ɓari har benci na amsawa.
Ban taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba.

Jirgi ya juya. Scotland ta koma cikin hazo.
Shayi mai sukari na zuba masa a haɓa,
bai dube ni ba.
Can wajen rabin hanya,
daga ƙarƙashin bargo, murya ƙasa-ƙasa:
Clancy.
Sunan karen Clancy.

Na rubuta a allo, ƙasan hamsin da ɗaya.